Wayar da Shu'ibu Ya Binne

Sallama gare ku, masu karatu, har da ke baiwar Allah da kika rubuto kika ce ina yi wa Shu'ibu wulaƙanci da yawa a labarin nan. Na ji. Ki gyara zama ki karanta na yau, in kin gama sai ki sake rubuto min.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zinariya, 'yar Malam Ibrahim, haifaffiyar Haɗejiya. Kakannina makiyaya ne. Baffana, wato mahaifina, ya zauna gari, amma har gobe rabin zuciyarsa tana ruga. A shekarar 1997 ina da shekara ashirin da uku, ina aiki a wani kamfanin magungunan dabbobi da ke bakin fadama, wanda ba zan kama sunansa ba. Ni ce mai kula da ɗakin sanyi, inda ake ajiye allurar rigakafin shanu. Shu'ibu kuwa shi ne mutumin da ya ce yana sona, kuma shi ne ya kafa wa ɗakin nan ƙofa mai kati.

Injiniya yake kiran kansa, kuma ya koya wa duk unguwarmu kiransa haka. Ban taɓa ganin takardarsa ba. Abin da na gani shi ne tasta guda biyu na gwada wuta a aljihun gaban riga, ja da rawaya, waɗanda ko ɗaurin aure zai je sai ya soke su a jikin shaddarsa mai ruwan sararin samaniya. Hularsa kullum a karkace, turarensa kan riga shi shiga zaure. In yana magana sai ya riƙa kaɗa mukullin besfa a yatsa, ya jefa Turanci ɗaya bayan kowace Hausa uku, Turancin ma a gurguje. Wata uku ya yi a Kano wajen wani mai sayar da na'urori, ya dawo yana kallon masu gyaran wuta na garinmu kamar bai taɓa cin tuwo da su ba.

Innata, Yelwa, ba ta ganin duk wannan. Ita da ƙanwar Baffa, Goggo Aisa, sun riga sun gama aurar da ni a zuciyarsu. Ba wanda ya ce dole, Baffa ba ya irin wannan. Amma akwai abin da ya fi dole ciwo, a wayi gari ana yi maka waƙar mutum ɗaya, a kai maraice ana yi.

Bari in gaya muku yadda ƙofar take, don ku 'yan yanzu kun saba da irinta, mu a lokacin har daga Kaugama ake zuwa kallo. Wata 'yar na'ura ce a jikin bango, mai tsaga a tsakiya. In ka zura kati sai 'yar fitila ta koma kore, maganaɗisun da ke riƙe da ƙofar ya saki. Muddin akwai wuta yana riƙe, in wuta ta yanke ko ta yi rauni sai ya saki. Don haka aka haɗa shi da batir a cikin wani akwatin ƙarfe, wanda zai riƙe ƙofar in wuta ta yi wasa. A ofishin manaja kuma akwai wani ɗan inji da ke buga wa takarda lambar katin da ya buɗe, da lokacin. Kati biyu ne kacal: nawa, da na manajanmu, Alhaji Hamman.

Ranar wata Litinin a cikin Agusta, fadama ta cika maƙil, na iso aiki na shiga lungun da ke kai wa ɗakin sanyi, sai na ji ƙafata a cikin ruwa. Ƙofar a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Na tura na shiga. Ɗakin da kullum sai na yafa rigar sanyi kafin in shige shi, ranar ɗumi ne ya tare ni. Tun azahar ɗin Asabar da muka tashi ba wanda ya leƙa lungun, don maigadi a waje yake zama. Duk allurar ciwon huhu da aka kawo daga Jos ta lalace, kuma ranar Juma'a mai zuwa aka sa za a fara yi wa shanu.

Alhaji Hamman bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min. Ya yago takardar injin ya ajiye a gabana.

"Lambar wa ce ta ƙarshe?"

"Tawa ce, ranka ya daɗe. Amma na rufe. Na ja ta har na ji ta kama."

"An taɓa samun haka?"

Na sunkuyar da kai. "Sau biyu na tarar ta ɗan buɗe da la'asar, na mayar. Na ɗauka ni ce ban ja da kyau ba."

Ya aika aka kira Shu'ibu. Ya zo yana ƙamshi, ya zare jan tastansa ya dangwala a jikin na'urar, ya zura katin Alhaji sau uku, ƙofa ta buɗe ta rufe lafiya lau. Ya juyo yana murmushin nan nasa na wanda ya san abin da ba ku sani ba.

"Alhaji, na'ura ba ta ƙarya. Mutum ne yake mantuwa." Ya dube ni ya sassauta murya. "Kuma ka yi mata uzuri, ka san sha'anin mata, hankalinsu yana rabuwa."

A gabana ya faɗa. Mutumin da jiya-jiya ya zauna a zaurenmu yana ce min hasken idonsa.

Alhaji ya miƙo hannu. "Ba ni katin. Ki je gida. Ranar Alhamis da ƙarfe goma za mu zauna. In ya tabbata sakacinki ne, takardar sallama zan rubuta, kuma zan rubuta dalili."

Ku fahimci abin da wannan yake nufi. Ba aikin kaɗai ba ne. Baffa ne ya bi rugage da ƙafarsa, daga nan har wajen Miga, yana ce wa arɗaɗɗa, shugabannin makiyaya, su kawo shanunsu, 'yarsa ce ke riƙe da maganin, ba za a cuce su ba. In aka rubuta cewa ni na bar ƙofa a buɗe, sunana ya tafi, ya ja na Baffa sun tafi tare.

Talata da hantsi ina kwance a ɗakin Inna a kan ledar tsakar ɗaki, ɗaurin ƙirji kawai, ina kallon jeren samirunta a cikin kabat, sai ga Goggo Aisa ta ɗaga labule. Ta ci ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, ta yafa mayafin da Shu'ibu ya saya mata, hannunta riƙe da ambulan. A zamaninmu babu wayar hannu, Goggo ce wayar Shu'ibu.

"Tashi, 'yar nan. Ga saƙon Injiniya. Yaron kirki, ko barci bai yi ba saboda ke."

Na buɗe. A bayan takardar tallar na'urar ya rubuta, wai don in tuna ko shi wane ne. Har yau ina da ita:

"Zinariyata. Kada ki damu. Ranar Alhamis ki amsa laifi kawai, ki ce mantuwa ce, ni zan roƙi Alhaji ya bari ki ajiye aikin da kanki. Dama matar Injiniya ba ta dace da ɗaukar kwalaye ba. Bayan damina sai a sa rana. Kada ki bari kowa ya taɓa na'urar, ba aikin jahilai ba ce. Naki har abada, Injiniya S."

Har a wasiƙar soyayya sai ya sa Injiniya.

"Me ya ce?" in ji Inna, tana tsince shinkafa a faifai.

"Ya ce in ɗauki laifin da ban yi ba."

"To, sai me?" Goggo ta zauna a bakin gado. "Mace ai rufin asirin mijinta ce. Ki fara koya tun yanzu."

"Goggo, ai ba mijina ba ne."

"Saura ƙiris. Yelwa, kina jinta ko? Bokon nan ya sa musu tsaurin ido."

Inna ta ajiye faifan. "Zinariya, aiki yau ne gobe babu. Wa ya taɓa kula da gidan nan kamar yaron nan? Ki yi abin da ya ce, maganar ta mutu."

Na juya musu baya ina kallon fankar sama, raina yana tafasa. Ana cikin haka sai mai injin niƙa na bayan gidanmu ya tayar da injinsa. Fankar ta yi wani nishi, ta rage gudu kamar za ta tsaya, sannan ta farfaɗo. Abin da nake gani kullum ne. Amma ranar sai na tashi zaune.

Sau biyun nan da na tarar da ƙofa a buɗe, duk da la'asar ne. Kuma duk biyun, kafin in leƙa lungun, na ji gurnanin injin jan ruwa da ke cika mana tanki daga kogi, na ga ƙwan lungun ya dushe.

Laraba da sassafe na sa atamfata mai ganye-ganye, na yafa farin mayafi, na ce wa Inna zan je dubiya. Na bi ta bayan kamfanin, ta kan gaɓa, takalmina a hannu saboda taɓo, har ɗakin janareta. Nan Baba Istifanus yake. Mutumin Kagoro ne, ya fi shekara ashirin a Haɗejiya, shi ke kula da wutar kamfanin tun kafin a haifi gemun Shu'ibu. Na same shi yana wanke hannu da kananzir.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, 'yata. Na ji abin da ya faru. Ban ji daɗi ba."

"Baba, ranar Asabar ka tayar da injin ruwa?"

"Da la'asar, bayan kun tashi. Tanki ya yi ƙasa." Ya tsaya da goge hannun. Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Daga ina kika samo wannan tambayar?"

Na gaya masa maganar fanka. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ranar da yake aikin na ce masa, Malam Shu'ibu, ka jawo wutar ƙofar nan daga ofis, layinta daban. Ya ce ofis ya yi nisa, ɗakin famfo ya fi kusa. Na ce to ka sa waya mai kauri a cikin bututu, ƙasar nan fadama ce, da damina ruwa daga ƙasa yake tasowa. Kin san me ya ce min a gaban leburori? Wai gyaran janareta daban, ilimi daban. Na kai wa Alhaji magana, ya ce in bar yaro da aikinsa. Na bar shi."

"Baba, za ka iya tayar da injin yanzu?"

"Ba ki da izinin shiga ciki."

"Ba zan shiga ba. Ta tagar lungu zan leƙa."

Na tsaya a kan bulo na kama ƙarfen taga. Ga ƙofar can a rufe, jar fitilarta tana ci. Baba ya shiga ɗakin famfo. Injin ya yi gurnani, ƙwan lungu ya dushe, jar fitilar ta mutu. Na ji ƙas. Ƙofar ta saki, ta taho a hankali ita kaɗai, ta tsaya. Da fitilar ta dawo, ƙofa ta riga ta yi wa maganaɗisun nisa. Ba kati, ba hannu, kuma injin Alhaji ba abin da zai buga.

Na sauko na zauna a kan bulon na yi kuka, na farin ciki da na takaici a haɗe.

Baba ya ɗauko shebur. Bai yi tono mai nisa a kan hanyar wayar ba, don Injiniya ko zurfin kirki bai yi ba, taƙi ɗaya ne. Abin da ya fito da shi, ku yi haƙuri, har yau in na tuna sai na ji kunya ta kama ni a madadinsa. Wayar lasifika ce, siririya, irin wadda ake ja wa masu wa'azi a kasuwa. Guntu-guntu ce ma, an ƙulla ta wuri uku. A kowane ƙulli, maimakon salatif, ledar burodi ya naɗa ya ɗaure da robar cikin tayar keke. Baba ya kwance ɗaya, ruwa ya tsiyayo, tagullar ta yi kore shar.

"Da rani ta lallaɓa," in ji Baba. "Da ruwa ya taso sai wutar ta riƙa zurarewa a hanya. Ɗan abin da ke isa, in famfo ya tashi sai ya shanye shi." Ya yamutsa fuska. "Amma duk da haka bai kamata ta saki ba. Aikin batir ke nan."

Ya zagaya ya shiga lungun, ni ina taga. Akwatin batirin da kwaɗon Shu'ibu a jiki, sai Baba ya kwance ƙusoshin marfin ta baya. Ya leƙa. Ya matsa gefe don in gani. Wayoyi biyu ne ke reto a ciki, ja da baƙa. Babu batir.

To, masu karatu, nan ne zan gaya muku abin da ban taɓa rubutawa ba. Da na ga akwatin nan fayau, ban tambayi ina batirin yake ba. Na san inda yake. Yana ɗakin Innata, a ƙarƙashin teburin rediyo.

Wata biyu kafin nan Shu'ibu ya kawo shi a bayan besfa, a cikin kayan toshi, tare da turmin atamfa da sabulai da 'yar doguwar fitila. Ya haɗa wa Inna da hannunsa, wai don kada surukarsa ta zauna a duhu in an ɗauke wuta. Inna ta yi ta sa albarka, maƙwabta suna shigowa kallo. Washegari ina shara na ga tambarin kamfaninmu da fenti a gefensa, kan saniya da lamba. Na ce wa kaina ƙila tsoho ne aka yar. Na san ƙarya nake yi wa kaina, sabo ne fil. Amma Inna tana murna, idonta ya fara rauni, ga shi tana iya tsintar shinkafa da magariba. Sai na kama batirin na juya tambarin ya kalli bango, na ci gaba da shara. Ban san na ƙofata ba ne. Ban kuma tambaya ba, don ba na son in sani.

Ina fitowa daga kan gaɓa na ci karo da Shu'ibu a kan besfarsa. Ashe maigadi ya kai masa labari. Ya cire gilashi yana huci.

"Wa ya ba ki izinin sa wannan tsohon ya tona min aiki?"

"Aiki? Ledar burodin kake nufi?"

Ya waiga, ya ga ba kowa, sai murmushin ya dawo.

"Zinariya, ki yi tunani. In kika buɗe baki gobe, za a tambayi batir. A ɗakin wa za a same shi? Ni zan ce ban san zancen ba. Ke ce ma'aikaciyar kamfani, ke ce mai shiga lungun kullum. Yanzu sakaci ake ce miki. Kina so a koma ce miki ɓarauniya?"

Na dube shi tun daga hular har takalmin. Na daɗe ina raina mutumin nan, amma sai ranar na san ban raina shi yadda ya kamata ba.

"Matsa min in wuce," na ce.

Bayan la'asar Baffa yana zaune a kan buzunsa a ƙofar turaka, yana gyara igiyar ɗaure maraƙi. A gidanmu 'ya ba ta kawo wa uba ƙarar saurayi, ko sunansa ba ta kamawa a gabansa. Na durƙusa nesa kaɗan, na ja mayafi na rufe rabin fuska, na faɗa masa komai, tun daga famfo har barazanar bakin gaɓa. Abu ɗaya na tsallake, maganar juya tambari.

Inna ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "Malam, kada ka biye mata. A jefa abin nan a kogi, a huta. Wa ya sani?"

"Ni na sani," in ji Baffa, bai ɗago ba.

Goggo ta ce, "Yaya, yaron nan fa don ya kyautata mana ya yi."

"Da kayan wani." Ya ajiye igiyar. "Yelwa, duk abin da ya shigo gidan nan daga hannunsa da sunan neman aure, a haɗa min. Ko allura kada a bari. Aisa, har mayafin da ke kanki."

Goggo ta buɗe baki, ta dubi fuskar yayanta, ta rufe. Ban yi dariya ba, amma Allah ya sani na so.

A al'ada, in an fasa, gidan iyayen saurayi ake mayar da kaya, ta hannun manya, a rufe cikin mutunci. Baffa ya ce wannan karon akwai kayan da ba na saurayin ba ne, don haka inda mai su yake za a kai, a ware a gabansa.

Alhamis da ƙarfe goma muka shiga ofishin Alhaji Hamman. Baffa ya sa farar rigarsa ta Juma'a da rawani, ni ina biye da shi ɗauke da babban daro a ka, an rufe da zane. Wuyana kamar zai karye. Shu'ibu yana zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sabuwar shadda, tastoci biyu suna nan. Da ya ga daron sai ƙafar ta sauko.

Bayan gaisuwa Baffa ya ce, "Alhaji, kafin a yi maganar 'yata, a ba Istifanus minti biyar."

Muka ɗunguma lungun. Alhaji da kansa ya ja ƙofar, ya jijjiga ta, ya tabbatar ta kama. Ya sa katunan biyu a aljihunsa. Baba Istifanus ya tayar da famfo. Ƙas. Ƙofar ta taho ta tsaya a gaban takalmin Alhaji.

"A sake," in ji Alhaji.

Aka sake. Ta sake.

Shu'ibu ya fara Turanci. Baba Istifanus ya zaro guntun wayar daga aljihu, da ledar burodin a jikinta, ya ɗora a tafin hannun Alhaji. Alhaji ya juya ta, ya karanta sunan gidan burodin, ya dubi Shu'ibu.

"Wannan ce wayar da ka ce daga Legas aka yo odarta?"

"Alhaji, matsalar ba waya ba ce, batir ne. An sace batir. Ka tambaye ta inda..."

"Ba sai an tambaye ta ba," in ji Baffa. "Mu koma ofis."

A ofis Baffa ya yaye zanen da hannunsa. Ya riƙa ɗauko kaya ɗaya-ɗaya yana jerawa a kan teburin: turmin atamfa, sabulai, kwalbar turare, takalmi, mayafin Goggo, 'yar fitila. Kowanne sai ya ce, "Shu'ibu, wannan naka ne?" Shi kuma ya gyaɗa kai, don ba yadda zai yi. Daga ƙarshe ya rungumo batirin ya dire.

"Wannan a rana ɗaya ka kawo shi da atamfar nan, a gaban matan unguwa, ka haɗa shi da hannunka. Naka ne?"

Gumi ya jiƙa wuyan shaddar. Mukullin besfa ya faɗi ƙasa, bai ko sunkuya ba.

"To, naka ka kwashe, mun yafe neman. Wannan kuma ga mai shi."

Alhaji ya kira maigadi ya ce a raka Shu'ibu ɗakin jira, kada ya fita sai ya neme shi. Haka Injiniya ya fita rungume da atamfa da sabulai, mayafin Goggo yana jan ƙasa. Baiwar Allah mai rubuto min, ina fata kina nan.

Alhaji ya zaro katina ya ajiye a tsakiyar tebur. Har na ji numfashina ya dawo. Ya jawo batirin yana duba tambarin, ya shafa shi da yatsa.

"Ƙofa dai ba ke kika bari a buɗe ba, wannan zan rubuta shi da hannuna. Saura tambaya ɗaya, Zinariya. Wata biyu abin nan yana ɗakin mahaifiyarki. Tambarin nan kullum kina ganin irinsa a jikin kwalayenmu. Ba ki taɓa lura da shi ba?"

Ba wanda ya gan ni ranar da nake shara. Ko Inna ba ta sani ba. In na ce a'a, magana ta ƙare, in ɗauki katina in koma aiki. Katin yana nan, ko miƙa hannu sosai ba sai na yi ba. Baffa yana gefena, ya gama wanke ni a gaban mutane da rawaninsa, yana jiran ya ji a'a.

Na tuna Shu'ibu a bakin gaɓa, yadda ya waiga ya ga ba kowa kafin ya yi murmushi. Na ga in na ce a'a, ni da shi mun zama ɗaya.

"Na gani, ranka ya daɗe. Tun washegari. Ni na juya shi ya kalli bango."

Alhaji ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa yatsa ɗaya a kan katin, ya ja shi zuwa gabansa, ya buɗe aljihun tebur ya saka.

"Da kin yi magana a lokacin, da allurar nan tana nan," ya ce. "Ku je. Zan yi shawara."

Tun daga kamfani har unguwarmu Baffa bai ce min komai ba. Yana gaba, ina baya da daro fayau a hannu, ina kallon dugadugansa. Na gwammace ya zage ni. Sai da muka iso ƙofar gida ya tsaya, bai juyo ba.

"Gobe Juma'a shanu za su taru a mashaya, tun daga Miga. Mutane sun yi kwana biyu a hanya saboda maganata."

"Na'am, Baffa."

"Ke za ki tsaya a gaban Arɗo ki gaya musu abin da ya sa babu allura. Duka, har na bangon."

Da ƙyar na ce, "Ni kaɗai, Baffa?"

Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu.

"Ki yi guga, ki sa mayafin kirki," ya ce. "Ina bayanki."